Yadda A Ke Binciken Sana'ar Mutane

Akwai wani fanni na ilmi wanda ba a cika ambatonsa a aji ba, ko da ya ke ya shafi aikin da a ke shirya mu dominsa ƙwarai da gaske. Shi ne binciken yadda mutane su ke tafiyad da aikinsu, watau yadda 'yan kasuwa da manoma da ma'aikatan ofis da na masana'anta su ke shirya kansu, wa ke ba da umurni, wa ke bi, wa a ke ba ajiyar kuɗi, da abin da kan faru in wani ya saɓa. Turawa suna kiransa etnogarafi. Mu kuwa, da ya ke kalmar tana da nauyi a baki, za mu kira shi binciken zama, gama asalinsa ke nan: mutum ya tafi wurin masu aiki ya zauna da su wata da watanni, yana kallo, yana saurare, yana tambaya, har ya fahimci aikin kamar yadda masu shi suka fahimce shi. Abokin tafiyarsa shi ne binciken ƙidaya, inda a kan ɗauki takarda mai tambayoyi a bi mutane da yawa, ko wanne a yi masa tambaya iri ɗaya, sa'an nan a tara amsoshi a yi lissafi. Ko wanne da ranarsa. Amma abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, ko wace sana'a tana da ƙa'ida biyu, da wadda a ke faɗa wa baƙo, da wadda a ke bi in baƙo ya tashi. Ta biyun nan ba ta samuwa sai da zama.

Bari mu fara daga ƙasarmu, watau Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato. Domin waɗanda ba su san wajen ba, Tambuwal tana bisa babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri, kimanin mil 60 daga birnin. Buhari ɗan Shehu ne ya zauna a cikinta, ta zama ribaɗi tun farkon zamanin daular Sakkwato. Kebbe kuwa tana kudu da ita, wajen Gulbin Zamfara, ƙasar fadama da kiwo. Kada a rikita ta da Kebbi, ko da ya ke suna maƙwabtaka, harafi ɗaya ne kuma ya raba sunayensu. To, hanyar nan da ta ratsa Tambuwal hanyar cin rani ce tun kaka da kakanni. Da an kai amfanin gona gida, an ɗaure dawa an zuba a rumbu, sai samari da magidanta su fara sulalewa kudu, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.

A ranin 1952 zuwa 1953 hukuma ta sa aka ƙidaya masu wannan tafiya. Aka zaunad da malamai a bakin manyan hanyoyi da mashigan ruwa na Lardin Sakkwato, wanda a lokacin ya haɗa ƙasar Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri, duk wanda ya zo wucewa a tambaye shi daga ina, zuwa ina, neman me. Wani masanin labarin ƙasa, R. M. Prothero, shi ya tsara abin da aka samu, aka buga a Kaduna a 1959. Mutanen da aka ƙidaya sun haura 250,000, har da waɗanda suka ratso daga ƙasar da ke hannun Faransa, watau Nijar ta yau. Waɗansu sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa, waɗansu haƙar kuza a Jos, waɗansu kuma Gana, wadda kakanninmu suka fi sani da Gwanja. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin a yi shi kowa ya san ana tafiya cin rani, amma ba mai iya cewa ga yawan masu tafiyar. Bayan an yi shi kuwa, ba wanda zai ƙara cewa sha'anin 'yan tsiraru ne.

Amma fa a duba abin da malamin bakin hanya ba shi da ikon samu. Minti biyu ko uku ya ke da shi da ko wane matafiyi. Matafiyin ga shi da gora da sanda yana sauri, ga kuma mutum da alƙalami ya tare shi, a zamanin da alƙalami ba ya biyo talaka sai domin haraji. Me zai ce? Neman kuɗi. An rubuta, ya wuce. Wa ya ba shi guzuri, bisa wane sharaɗi? Da yardar mai gandu ya fito, ko kuwa tafiyar ce dabararsa ta fita daga gandun? In ya isa, gidan wa zai sauka, wa zai tsaya masa, wa zai riƙe masa abin da ya tara kada ya salwanta? Waɗannan su ne jigon tafiyar, ba kuwa ɗayansu da zai shiga cikin layin takardar ƙidaya.

Wanda ya amsa irin waɗannan tambayoyi, a can ƙarshen hanya ya zauna. Sunansa Abner Cohen. Ya yi fiye da shekara guda a unguwar Sabo ta Ibadan, daga 1962 zuwa 1963, littafinsa ya fito a 1969. Fataken shanu da na goro ya fi bi, amma abin da ya gani ya bayyana yadda baƙo daga Arewa ya ke samun masauki da amana a ƙasar da ba tasa ba. Ga abin da ya ɗaure masa kai. A ko wace shekara, a lokacin, ana sayad da shanu wajen 75,000 a karar Ibadan. Masu kawo su 'yan Arewa ne, masu saye mahautan Yarbawa. Sa ba ya daɗewa a kurmi, sabo da ƙudan tsando da sammore, don haka falke ba shi da halin tsayawa jiran kasuwa ta yi kyau. Mahauci kuma ba shi da kuɗi a hannu sai ya yanka ya sayad da nama. Tilas a sayar bashi. To, ga mai shanu baƙo, ga mai saye bai san shi ba, harshe ba ɗaya ba, ba takardar yarjejeniya, ba banki a tsakani, ba mai zuwa kotu, duk da haka bashin da ke kan mahauta a ko wane lokaci ya kai wajen fam 100,000, kuma ana biya. Me ya riƙe wannan ciniki bai rushe ba?

Da Cohen ya tambayi dattawan Sabo sau ɗaya ya kama hanya, da sun ce masa amana ce da tsoron Allah, ba su kuwa yi ƙarya ba. Zama ne ya nuna masa tubalan da aka gina amanar da su. Babban tubali shi ne mai gida. Falke in ya iso, gidan mai gida ya ke sauka, a ba shi ɗaki, matan gidan su dafa masa abinci, a ajiye masa kuɗi. Mai gida yana da dillalai, yaransa ne, su ke shiga tsakani a yi ciniki a ba da la'ada. In aka sayar wa mahauci bashi, mai gida ne ya lamunta. Mahauci ya hana, nauyin yana wuyan mai gida, in kuwa ya zame, labari zai riga falken isa Arewa, baɗi ba mai sauka gidansa. Sabo da haka dillali ba ya sakin sa sai ya san mahaucin ciki da waje, shanu nawa ya saba yankawa, nawa a ke binsa a wani gida, ya taɓa jinkirin biya ko bai taɓa ba. Yawancin wannan sani a hira a ke tara shi, a bakin kara, a ƙofar gida, bayan an idar da salla. Zaman da mai wucewa zai gani ya ce zaman kashe wando ne, ashe shi ne ofishin kasuwar. Mahaucin da ya ci bashi ya ƙi biya, masu gida su kan haɗa baki su daina sayar masa har ya shiga taitayinsa. Rigima tsakanin 'yan unguwa kuwa, gaban Sarkin Sabo a ke kai ta.

Har ya gano cewa aure ma yana cikin sha'anin, gama mai gida ya kan yi wa yaronsa aure ya ba shi ɗaki, ta haka ya ɗaure shi da igiyar da ta fi albashi ƙarfi. Ya kuma nuna yadda ɗariƙar Tijjaniyya, da ta bazu a Sabo cikin shekarun 1950, ta daɗa haɗa kan unguwar daidai lokacin da hukuma ta janye wa Sarkin Sabo ƙarfin da ta ke ba shi a da. A nan muna da 'yar magana. Cohen ya karkata ga ganin kusan ko wace al'ada ta Sabo hanya ce ta tsare kasuwa, mu kuwa mun san mutum ya kan zauna wazifa don Allah ko da bai mallaki ko akuya ba. Amma ko wanda bai karɓi fassararsa duka ba, ba zai musa abin da idonsa ya gani ba.

Ba a Ibadan aka fara wannan hanya ba. Wanda a kan ce shi ya kafa ta, Malinowski ne, mutumin Folan, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand na tekun Fasifik tsakanin 1915 da 1918, ya kafa laimarsa a tsakiyar ƙauye, ya koyi harshen mutanen, maimakon ya zauna a barikin Turawa yana kiransu ɗai ɗai da tafinta. A Amurka kuma aka shigad da ita masana'anta. Kamfanin Western Electric yana da wata babbar ma'aikata kusa da Shikago, ana ce mata Hawthorne, inda aka yi ta gwaje-gwaje daga 1924 zuwa 1932 don a gane abin da ke ƙara wa ma'aikaci himma. A ƙarshe, a 1931, aka ware mutum 14 masu haɗa wayoyin na'urar tarho a ɗaki guda, aka zaunad da wani a gefe, ba ya ba da umurni, kallo kurum ya ke yi yana rubutawa, har wajen wata 6. Kamfani ya tsara biya yadda in aiki ya ƙaru kuɗi su ƙaru, yana zaton kowa zai dage iyakar ƙarfinsa. Ashe ma'aikatan sun riga sun yanka wa kansu abin da su ke ganin shi ne aikin yini. Wanda ya zarce su yi masa ba'a ko su ɗan naushe shi a dantse, wanda ya gaza su ce yana cin gumin 'yan'uwa, wanda ya kai magana wurin shugaba kuwa ya fi kowa laifi. Tsoronsu shi ne, in suka nuna iyakar abin da su ke iyawa, a ɗaga ma'auni ko a sallami waɗansunsu, ga shi lokacin aiki ya yi wuya a ƙasar.

Wannan ba zai ba manomin Kebbe mamaki ba. Saurayi ɗaya ne, gona iri ɗaya, garma ɗaya, amma aikinsa ran da aka ɗauke shi ƙwadagon yini dabam, ran da ya karɓi jinga dabam, ran gayya kuwa, da makaɗi ke kiran sunansa sa'o'insa suna kallo, sai ka ce ba shi ba ne. Wanda ya auna ƙarfin saurayin nan bai tambayi a wane shiri ya ke aiki ba, awonsa bai gaya masa kome ba.

Akwai kuma aikin da ƙidaya ba ta ganinsa ko kusa, domin a bayan zaure a ke yinsa. M. G. Smith, mutumin Jamaika, ya zauna a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, yana bin magidanta yana lissafa abin da ya shigo musu da abin da ya fita. Amma shi namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa Mary ce ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a Giwa, tana rubuta labarinta kamar yadda ta ke faɗa, aka buga shi da Turanci a 1954. A nan ne masu karatu na waje suka ga kaɗi da sana'ar abinci da biki da ƙawance daga bakin mai yinsu, suka gane matar aure tana da dukiyarta wadda miji ba shi da hannu a ciki. Bayansu Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967, ta nuna cewa ciniki mai yawa, na hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci, daga cikin gidaje a ke yinsa, matan kulle ke yi, yara ke kai da kawo. Wata dabara tata ta cancanci a tsaya a kanta. Da ta so sanin wa ke da hali wa ba shi da shi, ba ta dogara ga tambayar kowa damin da ke rumbunsa ba, gama wa zai faɗa? Sai ta nemi waɗansu mutanen garin waɗanda suka san kowa, suka kasa gidajen manoma 171 kashi 4, bisa yadda ko wane gida zai iya jure shekarar da amfani ya yi jinkiri ko bai yi kyau ba. Da ta gwada kasonsu da girman gonakin da aka auna, sai ta ga bambanci mai yawa tsakanin manoman ƙauye ɗaya, alhali kuwa masu shirya wa talakawa taimako sun saba ɗaukarsu duk tsaran juna ne. Littafinta ya fito a 1972.

To, 'yan'uwa, ga inda abin ya iso ƙofarmu. A 1976 aka fara shirin ba ko wane yaro ilmin firamare kyauta a Nijeriya. A cikin shekarun nan ne Enid Schildkrout ta zauna a unguwannin birnin Kano tana binciken aikin yara, ta nuna cewa yaro shi ne ƙafar matar kulle, shi ke sayo mata kayan sana'a, shi ke kai talla, shi ke karɓo bashi, ribar tallar yarinya kuwa da ita a ke tara mata kayan ɗaki. In makaranta ta ɗauke yaron daga safe zuwa azahar, ta taɓa jarin uwar. Gobe ɗayanmu zai sami kansa a wata makarantar ƙauye a ƙasar Tambuwal ko Kebbe, ya buɗe rajista ya ga ko wace ranar kasuwa rabin 'yammatan aji ba su zo ba. In ƙidaya kaɗai ya sani, zai rubuta wa na gaba da shi cewa iyayen wurin nan ba su son ilmi, ya ɗauki bulala. In kuwa ya san abin da farantin talla ya ke ɗauke da shi, zai san da wa ya kamata ya yi magana, da kuma a kan me. Ba muna cewa talla ta fi karatu ba ne, mu da muka zaɓi aikin koyarwa. Muna cewa malamin da bai san abin da ya ke ja da shi ba, da wuya ya rinjaye shi.

Yaya a ke yin binciken? A ce wani daga cikinmu ya yi niyyar fahimtar cinikin dabbobi a Tambuwal. Ta ƙofa zai shiga, ya gai da hakimi, ya gai da sarkin kasuwa da sarkin pawa, ya faɗi gaskiyar abin da ya kawo shi. Amma in aka ce ga yaron sarki ya riƙa raka shi, ya yi godiya ya nemi hanyar zamewa cikin ladabi, gama ba wanda zai faɗi yadda a ke kauce wa kuɗin shiga kasuwa a gaban ɗan aiken mai karɓarsu. Kwanakin fari ya bar alƙalami a aljihu. Mutane su kan gyara zama in sun ga baƙon ido, sai sun saba da shi har sun manta yana nan, sa'an nan su koma yadda su ke. Da dare ya rubuta abin da ya wuce tun bai shiririce ba, ya kuma rarrabe abin da ya gani da idonsa, da abin da aka faɗa masa, da abin da shi ya zata. Mu da muka ɗan taɓa littattafan fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan, gama mun san alƙali ba ya daidaita shaidar gani da ta ji, ba ya kuma yanke hukunci da bakin mutum ɗaya.

Babbar dabara kuwa tana wajen tambaya. In ka ce wa dillali, yaya a ke raba la'ada, zai ba ka ƙa'idar da a ke faɗa wa baƙo, a tsare, ba ƙura. In kuwa ka ce, san nan da aka sayar ɗazu, wa ya sami nawa, sai ka ji an ambaci wanda ya riƙe igiya, da wanda ya fara taya, da wani dattijo da bai ko tashi daga tabarmarsa ba amma an kai masa nasa, don shi ya kawo mai dabbar kasuwa shekarun baya. Sai a tara irin waɗannan goma, ashirin, daga nan ƙa'idar gaskiya ta fito da kanta. Ranar rigima kuwa ta fi kwana goma na lafiya amfani ga mai bincike, domin dokar da ba a rubuta ba, ba a jin ta a baki sai ran da wani ya taka ta. Kada kuma ya tsaya ga manya. Yaron mota da mai jan sa da mai sayad da fura a gefen kara sun san abin da sarkin kasuwa ba zai faɗa ba. In kiwo ya ke bincike, C. E. Hopen ya riga ya share masa hanya, gama ya zauna da Fulani makiyaya a ƙasar Gwandu, maƙwabciyarmu, a farkon shekarun 1950, ya rubuta yadda iyali da garke su ke riƙe juna, aka buga a 1958. Ko wace sana'a ya ɗauka, ya yi ƙoƙari ya ga shekara ta kewayo a kanta, domin wanda ya ga Kebbe da rani kaɗai, lokacin da samari suka watse, zai rantse garin tsofaffi ne.

Za a ce mu 'yan gida ne, mun fi Cohen da Hill sauƙi. Ta wani gefe haka ne. Ba mu bukatar tafinta, mun san gaisuwa, mun san abin da albarka ta ke nufi a bakin mai sayarwa, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma zama ɗan gida yana da nasa cikas. Abin da mutum ya tashi ya tarar ana yi, ba ya ganinsa abin tambaya ne. Wa a cikinmu ya taɓa tsayawa ya ce, don me mai dabba ba ya sayad da abinsa da bakinsa sai ta bakin wani? Har wa yau ko wannenmu ɗan wani ne. Magidanci zai fi sakin jiki ya gaya wa baƙon da zai tafi gobe bashin da ke kansa, da ya gaya wa ɗan maƙwabcinsa. A ganinmu maganin abin yana cikin makarantar nan. Ɗan Tambuwal ya ɗauki abokinsa na Barno ko na Ilori su tafi tare, ɗaya ya san hanya, ɗaya ya yi tambayoyin da ɗan gari zai ji kunyar yi.

Sai maganar amana, wadda a ƙasarmu ta wuce batun ladabi. Tun cikin shekarun 2010 satar shanu da sace mutane don karɓar fansa suka addabi arewa maso yamma, ba su kuma bar kudancin Sakkwato ba. A irin wannan hali, ɗan littafin da aka rubuta wane yana da shanu kaza, wane ya kan dawo daga kasuwa da kuɗi ran kaza ta hanya kaza, in ya faɗa hannun da bai kamata ba, ran mutum ne. Lalle ne mai bincike ya sake sunayen mutane da na ƙauyuka tun a rubutun fari, ya bar abin da ba ya bukata bai rubuta ba, in kuma mutum ya ƙi magana ya ƙyale shi. Wanda ya yi shiru a yau ba gidadanci ke damunsa ba, ya san abin da ya ke tsoro.

Masu ƙidaya suna da wata suka da su ke yi wa wannan hanya, ba ta kuwa rasa gaskiya ba. Su kan ce, ka zauna a ƙauye ɗaya, da bakin mutum ashirin, ina ka san sauran ƙasa haka ta ke? Batagarawa ba Kebbe ba ce, tana jikin babban birni, ba ta bisa gulbi. Wanda ya ɗauki abin da Hill ta gani ya shimfiɗa shi bisa ƙasar Hausa duka ya yi ganganci. Abin da zama ya ke bayarwa shi ne sanin yadda abu ya ke aiki, da kuma tambayar da ta kamata a yi. In an sami wannan, sai ƙidaya ta zo ta faɗi yawansa. Da za a sake zaunad da malamai a bakin hanyar Jega bayan an karanta Cohen, da takardarsu ta sami layi ɗaya wanda ya fi sauran amfani, watau gidan wa za ka sauka.

Cinikin da Cohen ya gani ya sake kama. A zamaninsa da ƙafa ko a jirgin ƙasa shanu ke isa kudu, yanzu a manyan motoci a ke loda su zuwa Ibadan da Ikko. Falken da ya kan jira makonni a ɗakin mai gida, yau yana iya zama a Tambuwal ya ji farashin kurmi ta wayar hannu, kuɗinsa su iso ta banki. Amma mahauci har yanzu sai ya yanka ya ke samun abin biya, waya kuwa ba ta lamuni. Wanda zai tafi hutu ya zauna a kara, tambayar da zai riƙe ita ce ta 1962: in aka ba da sa bashi mai saye ya ɓace, wa ke biya?